Siyasar Malaman Jami'a da Ɗakin da Ake Yanke Ƙarin Girma



  

Batun da aka ɗora mini tambayoyi biyu ne da aka saba cakuɗa su wuri guda. Ta farko: shin malaman jami'a sun karkata ga wani ɓangare na siyasa fiye da sauran jama'a? Ta biyu: in har sun karkata, shin karkatar tana hana wanda ba ya tare da su samun aiki, ko ƙarin girma, ko fitar da maƙalarsa a mujalla? Ta farko ƙidaya ce, ana iya zama a ƙirga a tashi. Ta biyu tuhuma ce, ita kuwa tuhuma sai da shaida. Yawancin hayaniyar da ake yi a kan wannan batu daga nan take tasowa: mutum ya riƙo amsar ta farko, ya ɗauka ya gama da ta biyu.

Zan fara da Amurka, domin can ne aka shafe kusan shekara saba'in ana auna wannan abu da alƙaluma, ana jayayya a kansa a jarida da majalisa da kotu.

A 2006 wasu masana ilimin zamantakewa biyu, Neil Gross da Solon Simmons, sun tambayi malamai 1,417 daga manyan makarantu iri-iri na ƙasar. Kimanin kashi 44 cikin ɗari suka ce su masu sassaucin ra'ayi ne, kimanin kashi 46 suka ce tsaka-tsaki suke, kashi 9 kacal suka ce su masu ra'ayin mazan jiya ne. Bayan shekara goma, a 2016, Mitchell Langbert da Anthony Quain da Daniel Klein suka bi ta wata hanya, ba su tambayi kowa komai ba. A jihohi da dama na Amurka rajistar masu zaɓe a buɗe take, kuma tana nuna jam'iyyar da mutum ya sa sunansa a ƙarƙashinta. Sai suka ɗauki sunayen malamai 7,243 na manyan jami'o'i 40, a fannoni biyar, suka bi rajistar ɗaya bayan ɗaya. Cikin waɗanda suka yi rajista da jam'iyya, kowane ɗan Republican (jam'iyyar 'yan mazan jiya) guda yana fuskantar 'yan Democrat (jam'iyyar masu sassauci) sama da 11. A sashen tattalin arziki abin da sauƙi, wajen huɗu da rabi ne ga ɗaya. A sashen tarihi kuwa sama da 33 ne ga ɗaya. Wannan fa a ƙasar da jam'iyyun nan biyu suke raba ƙuri'un zaɓe kusan rabi da rabi.

Kafin mu ci gaba, kada wani a cikinmu ya yi saurin zaɓar gida a wannan rigima. Mai ra'ayin mazan jiya a Amurka yawanci mai zuwa coci ne, ba ya son zubar da ciki, yana son a rage haraji, yana son a tsaurara kan iyaka. Mai sassaucin ra'ayi yana son gwamnati ta tallafi talaka, yana kare baƙi da tsiraru, amma ra'ayinsa kan aure da iyali ya yi nisa da namu. Da yawa daga cikinmu in aka ajiye mu can, maganar tarbiyya za ta kai mu wannan sahu, maganar Falasɗinu da 'yan gudun hijira ta mayar da mu wancan. Saboda haka mu saurari labarin a matsayin masu son gane yadda abin yake aiki.

Tambaya ta farko ke nan ta amsu: karkata akwai ta, kuma babba ce, musamman a fannonin adabi da zamantakewa. To, ina ta samo asali?

Akwai bayanin da ba ya buƙatar a zargi kowa. Matthew Woessner da April Kelly-Woessner sun bi diddigin ɗaliban digirin farko, suka ga tun kafin a kai ga maganar neman aiki, ɗalibai masu ra'ayin mazan jiya ba su cika sha'awar digiri na uku ba. Sun fi karkata ga fannonin da ake fita da su kai tsaye zuwa sana'a, sun fi son su tara abin hannu su yi iyali da wuri. Neil Gross, a littafinsa na 2013, ya ƙara da cewa aiki kan yi suna da irin mutanen da ke yin sa. Ya kawo misalin aikin jinya a Amurka, wanda ya yi suna a matsayin na mata har ya zama yaro namiji ba ya ko kawo shi a ransa. Haka farfesanci ya yi suna a matsayin aikin masu sassaucin ra'ayi, sai ɗan wancan gida ya nufi kasuwanci ko soja ko aikin coci tun ba a rufe masa ƙofa ba. Gross da abokan aikinsa sun ma yi gwaji. Suka riƙa aika wasiƙun imel da sunan ɗaliban da babu su zuwa ga jami'an da ke kula da karatun gaba da digirin farko a manyan sassa, ana neman bayani kan shiga. A wata wasiƙar ɗalibin ya ambaci cewa ya yi wa Obama aikin yaƙin neman zaɓe, a wata ya ce abokin hamayyarsa McCain ya yi wa. Da aka auna saurin amsa da yawan bayani da sakin fuskar da ke cikinta, ba a sami bambancin a zo a gani ba.

Wannan gwaji yana da nauyi, kuma duk mai son gaskiya dole ya ajiye shi a kan sikeli. Sai dai amsa wasiƙar baƙo abu ne mai arha. Ba a nan ake raba kujera ba.

A watan Janairun 2011, a babban taron masana halayyar ɗan Adam a cikin jama'a da aka yi a San Antonio, Jonathan Haidt ya tsaya gaban mutum wajen dubu ya ce duk mai ra'ayin mazan jiya ya ɗaga hannu. Hannu uku ya ƙirga. Wasu matasan masana biyu a Jami'ar Tilburg ta ƙasar Holan, Yoel Inbar da Joris Lammers, suka ce bari su bincika ko abin haka yake. Suka tambayi abokan sana'arsu kimanin 800 ba tare da an rubuta suna ba, suka wallafa sakamakon a 2012. Kashi 6 cikin ɗari ne suka ce su masu ra'ayin mazan jiya ne, wato sun fi hannu ukun nan yawa, mai yiwuwa sauran tsoro ne ya hana su ɗagawa a bainar jama'a. Abin da ya girgiza mutane shi ne wata tambaya ta gaba-gaɗi: in mutum biyu suka nemi aiki a sashenku, cancantarsu ɗaya, ɗaya mai sassauci ɗaya ɗan mazan jiya, za ka fifita mai sassaucin? Sama da kashi ɗaya cikin uku suka amsa cewa akwai yiwuwar su yi haka. Kusan ɗaya cikin huɗu suka ce ra'ayin mai nema zai iya shafar hukuncinsu kan tallafin bincike. Ba wanda ya tilasta musu, da bakinsu suka faɗa.

Bayan shekara biyar Nathan Honeycutt da Laura Freberg suka maimaita irin wannan tambaya a wasu jami'o'in Kalifoniya, a fannoni da yawa, sai ga shi 'yan mazan jiyan ma sun nuna shirin yi wa masu sassauci daidai abin da ake yi musu. Ina roƙon a riƙe wannan da kyau. Son kai ba gadon wani ɓangare ba ne. Abin da ya bambanta shi ne wa ke da yawa a ɗakin. In ɓangare ɗaya yana da kujera talatin ɗayan yana da guda, ko da zuciyarsu iri ɗaya ce, wanda zai sha wuya sananne ne.

Binciken da ya fi tsaya mini a rai tsoho ne, na 1975. Stephen Abramowitz da abokan aikinsa suka rubuta maƙala kan lafiyar tunanin ɗaliban da suka mamaye wani ginin jami'a a zanga-zanga, idan aka kwatanta su da waɗanda ba su shiga ba. Suka yi ta kwafi biyu. Hanyar bincike ɗaya, yawan mutanen da aka gwada ɗaya, lissafi ɗaya. Sakamakon kawai aka juya: a kwafi ɗaya masu zanga-zangar sun fi natsuwa, a ɗayan su ne suka fi rauni. Aka aika wa masana su tantance ko ta cancanci bugawa. Masu tantancewar da suka fi sassaucin ra'ayi sun fi yaba kwafin da ya wanke masu zanga-zanga, har lissafin da ke cikinsa suka ce ya fi inganci, alhali lissafin nan bai canza ba ko da ɗigo.

Ban yarda waɗannan mutane maƙaryata ba ne. Na fi ganin su kamar mai awon hatsi da mudunsa ya lotsa ta gefe guda bai sani ba. Yana awo da zuciya ɗaya, yana rantsuwa bai tauye kowa ba, kuma a iya saninsa gaskiya yake faɗa. In akwai masu mudu iri-iri a kasuwar, wata rana maƙwabcinsa zai auna ya ce, Malam, naka ya rage. Amma in duk mudun kasuwar gefe guda suka lotsa, ba mai ganewa sai mai saye da ya je gida ya tarar tuwon bai kai ba. Illar rinjayen ra'ayi ɗaya a sashe ke nan, kuma ta fi ƙarfin maganar wane ya sami aiki wane bai samu ba. Sakamakon da ya yi wa kowa daɗi yakan wuce ba a matsa shi ba, wanda ya ɓata rai kuwa sai an nemi ya kawo shaidu goma. Ilimin kansa ne ke raguwa.

Jon Shields da Joshua Dunn, su kansu 'yan mazan jiya ne, sun zauna da farfesoshi 153 masu irin ra'ayinsu, suka fitar da littafi a 2016. Yawancinsu sun ce suna jin daɗin aikinsu, ba su ga dalilin da za a ce wa matasa su guji jami'a ba. Amma kusan kashi ɗaya cikin uku sun ce ɓoye ra'ayinsu suka yi har sai da aka tabbatar da su a kujerar dindindin, abin da kan ɗauki shekara shida ko bakwai. Ku duba wannan da idon malami. Shekarun da mutum ya fi kaifin tunani da ƙarfin aiki, su ne yake kashewa yana tauna harshe, yana zaɓen batun da ba zai tayar da ƙura ba. Ranar da ya sami 'yancin magana, sau da yawa shirun ya riga ya zame masa jiki.

Wani lokaci kuma abin yakan fito fili har gaban alƙali. Mike Adams ya kasance malamin ilimin laifuka a Jami'ar North Carolina da ke Wilmington. Ya shiga aiki yana mai sassaucin ra'ayi, daga baya ya rungumi addinin Kirista da gaske, ya koma rubuta sharhi masu zafi a kan 'yan sassauci. A 2006 aka hana shi zama cikakken farfesa. Ya kai ƙara, aka yi shekaru ana fafatawa, a 2014 masu taya alƙali hukunci suka ce rubuce-rubucensa ne suka jawo masa, aka ba shi kujerarsa da dala 50,000 na albashin da ya wuce shi. A shekarar nan dai ta 2014, Steven Salaita, Ba'amurke mai asali da Falasɗinu, wanda ba abin da ya haɗa shi da 'yan mazan jiya, ya riga ya ajiye kujerarsa ta dindindin a Virginia Tech domin Jami'ar Illinois ta ba shi aiki. Ana saura 'yan makonni ya fara koyarwa aka janye, saboda saƙonni masu zafi da ya wallafa a Twitter lokacin da Isra'ila ke ruwan wuta a Gaza. A 2015 jami'ar ta biya shi dala 600,000 aka rufe shari'a, amma aikin bai dawo ba. Ya yi wani lokaci yana tuƙa motar 'yan makaranta kafin ya sake samun aji a Alƙahira. Mutum biyun nan da za a haɗa su ɗaki ɗaya da wuya su yarda da juna a kan komai, amma abu guda ne ya same su: an auna bakinsu a wurin da aka ce aikinsu za a auna.

To, a nan ne nake son mu yi hattara, domin da zarar an ji irin waɗannan alƙaluma sai wani ya miƙe ya ce gwamnati ta shigo ta gyara. Ni ina adawa da wannan magani da dukkan ƙarfina, kuma tarihi ne ya sa.

Bincike na farko mai girma kan siyasar malaman Amurka, wanda Paul Lazarsfeld da Wagner Thielens suka yi a 1955 da malamai 2,451, ba don kare 'yan mazan jiya aka yi shi ba. An yi shi ne don a auna tsoron da ya kama malamai a zamanin Sanata McCarthy, lokacin da ake farautar duk wanda aka shafa wa kwaminisanci. A 1949 Jami'ar Kalifoniya ta ce kowane malami ya sa hannu a rantsuwar cewa shi ba ɗan kwaminis ba ne. A 1950 aka kori 31 da suka ƙi, cikinsu har da Edward Tolman, ɗaya daga cikin manyan masana halayyar ɗan Adam na zamaninsa. Sai a 1952 kotun ƙolin jihar ta rushe rantsuwar. Chandler Davis, matashin malamin lissafi a Jami'ar Mishigan, ya ƙi amsa tambayoyin kwamitin majalisa kan ra'ayinsa a 1954. Jami'arsa ta kore shi, aka yanke masa wata shida a kurkuku, daga ƙarshe ya ƙaura Kanada, Jami'ar Toronto ta ci moriyar iliminsa har tsufansa. Masaniyar tarihi Ellen Schrecker ta nuna cewa a mafi yawan irin waɗannan kore-kore, 'yan siyasa nuni kawai suka yi da yatsa, hukumomin jami'a ne da kansu suka zare wuƙa.

Yau ma ga shi ana maimaitawa da sunan daidaita ra'ayi. A Janairun 2023 Gwamna Ron DeSantis na Fulorida ya naɗa sababbin mutum shida a majalisar gudanarwar wata ƙaramar kwalejin gwamnati mai suna New College, da niyyar juya alƙiblarta a fili. Suka sauke shugabar kwalejin a zamansu na farko. A watan Afrilu suka hana malamai biyar kujerar dindindin, bayan malaman sun tsallake duk matakan tantancewa na abokan aikinsu. Cikin biyar ɗin akwai masu koyar da kimiyyar sinadarai. Kafin sabon zangon karatu, sama da kashi ɗaya cikin uku na malaman kwalejin sun bar ta.

Mu kuwa a nan ba sai an ba mu labarin wannan magani ba, mun sha shi. A 1978, bayan zanga-zangar ɗalibai ta "Ali Must Go", gwamnatin soja ta Obasanjo ta kori malaman da ta ɗauka su ne ke zuga yara: Ola Oni da Bade Onimode da Omafume Onoge a Ibadan, Edwin Madunagu a Legas, da wasunsu. A Jami'ar Ahmadu Bello ta wancan zamani, babu mai musun cewa masu ra'ayin gurguzu suna da murya mai ƙarfi a tsangayar fasaha da zamantakewa. Amma a harabar nan guda ta Samaru akwai Dakta Yusufu Bala Usman na sashen tarihi, wanda ya zama sakataren gwamnatin PRP ta Balarabe Musa a Kaduna, akwai kuma Dakta Ibrahim Tahir na sashen ilimin zamantakewa, jigo a NPN. Ɗalibin da ya zauna a Samaru a shekarun nan ya ji hujjar kowane ɓangare daga bakin gwaninsa, kuma waɗanda suka ga zamanin har yau suna ba da labarinsa.

A watan Mayun 1986 'yan sanda suka buɗe wuta a kan ɗalibai a Samaru. Hukumomi suka ce mutum huɗu ne suka mutu, wasu suka ce sun fi haka. Gwamnatin Babangida ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Manjo Janar Emmanuel Abisoye mai ritaya. Daga wannan bincike ne maganar nan ta fito wadda ta zama sanda a hannun hukuma, cewa akwai malaman da ke koyar da abin da ba shi aka ɗauke su su koyar ba, a kakkaɓe su. An zubar da jinin ɗalibai, amma sai aka juya ana binciken abin da malami ya faɗa a aji. A 1987 aka kori Festus Iyayi, shugaban ASUU na ƙasa, daga Jami'ar Benin. A 1988 jami'an tsaro suka ɗauke Patrick Wilmot, ɗan Jamaika da ya shafe shekara 18 yana koyar da ilimin zamantakewa a Zariya, suka sa shi a jirgi zuwa Landan. A 1989 aka sallami Bala Usman kansa, sai kotu ce ta mayar da shi. A 2001, cikin mulkin farar hula, Jami'ar Ilorin ta kori malamai 49 kan yajin aiki, ba su sami hukuncin Kotun Ƙoli da ya mayar da su ba sai a 2009, bayan wasunsu sun riga mu gidan gaskiya. In kura na maganin zawo, ta yi wa kanta. Hukumar da ke da jam'iyya, take da zaɓe a gabanta, ba ita za a miƙa wa aikin tace ra'ayin malamai ba, ko da yau jam'iyyarka ce ke kan mulki.

To in ba gwamnati ba, wa? Mu ne, kuma a ɗakin da muke yanke wa juna hukunci.

A jami'o'inmu na yau layin da ya raba mutane ba na gurguzu da jari-hujja ba ne kamar da. Yanzu ana duba wace jiha ka fito, ɗan ƙasa ne kai ko baƙo, a wane masallaci kake salla ko wane coci kake zuwa, wa ka mara wa baya ranar da ake neman kujerar shugaban jami'a, ina ka tsaya lokacin yajin aiki, wane gwamna ka yaba ko ka soka a rediyo. Hanyar da cutar ke bi kuwa ita ce dai wadda Abramowitz ya nuna. Mai neman zama farfesa yana tattara wallafe-wallafensa, a aika wa masu tantancewa daga wasu jami'o'i, yawanci mutum uku, ana neman biyu su amince. Tsari ne mai kyau a takarda. Amma wa ya zaɓi sunayen ukun? Wa ya san ranar da aka aika, ko an aika ɗin ma? In fayil ya kwana shekara biyu a durowa, wa za a tambaya? Ba a cika ce wa mutum an hana shi saboda ra'ayinsa ba. Ce masa ake yi ya ƙara haƙuri, rahoto bai dawo ba.

Na taɓa zama a kwamitin ƙarin girma a wata jami'a da ba zan ambata ba. Aka zo kan fayil ɗin wani matashin malami. Shugaban sashensa ya karanto maki: koyarwa ta cika, wallafa ta haura abin da ake nema, shekarun ma sun kai. Sai ɗakin ya yi tsit. Wani dattijo ya gyara zama ya ce, "Yaron nan fa yana da rawar kai." Wani ya karɓa, "A bar shi ya ƙara natsuwa, baɗi ma rana ce." Kowa a wurin ya san rawar kan da ake nufi: ya tsaya wa ɗan takarar da ya faɗi a zaɓen shugaban tsangaya, ya kuma yi magana a taron ƙungiya. Sakatare har ya sunkuya zai rubuta an ɗage. Sai wata farfesa da ke can ƙarshen tebur ta ce, "Ranka ya daɗe, ina neman a faɗa wa sakatare dalilin da zai rubuta, da sashen dokar ƙarin girma da ya dogara da shi, saboda in yaron ya ɗaukaka ƙara mu san abin da za mu nuna." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zargi kowa ba. Aka dubi juna. Ba wanda ya yarda a rubuta rawar kai a rahoton zama da sunansa a gefe. Fayil ɗin ya wuce a ranar.

Abin da baiwar Allah nan ta yi shi nake so ya zama doka, kada ya dogara da ko an yi sa'ar samun mai ƙarfin hali a ɗakin. Duk hukuncin hana aiki ko ƙarin girma a rubuta dalilinsa, a jingina shi da ƙa'idar da aka buga tun kafin a ga sunan mai nema, a kuma ba shi kwafi. Sunayen masu tantancewa na waje kada su fito daga aljihun mutum ɗaya, kuma a bar mai nema ya ambaci wanda ke da sananniyar husuma da shi don a tsallake shi. A sa wa'adi: in rahoto bai dawo ba cikin watannin da aka yanka, a aika wa wani, kuma mai fayil ya iya ganin inda fayil ɗinsa ya tsaya ba sai ya bi ofis-ofis yana gaisuwa ba. Wanda ya yanke hukuncin farko kada ya zauna a kwamitin ɗaukaka ƙara.

A ɓangaren mujallu akwai dabarar da ta dace da cutar sosai. Tun 2013 mujallar Cortex ta fara karɓar bincike a mataki biyu. Mai bincike yana kawo tambayarsa da hanyar da zai bi tun bai tattara bayanai ba. In masu tantancewa sun gamsu da hanyar, mujalla ta yi alkawarin bugawa ko me sakamakon ya nuna. Mai tantancewa ba shi da damar ya so ko ya ƙi sakamakon, tunda babu shi tukuna. Mujallu da yawa sun bi sahu. Ban ga abin da zai hana mujallun tsangayoyinmu gwada wannan ba, musamman a batutuwan da ke da zafi a wurinmu, irin su almajirci, da rikicin manoma da makiyaya, da auren wuri, inda sau da yawa mai karatu kan leƙa shafin ƙarshe ya ga ko marubucin namu ne kafin ya koma shafin farko.

Ku kuma ɗalibanmu na digiri na biyu da na uku da ke zaune a baya, ga aiki na ajiye muku. Ku nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike, ku rubuta maƙala ɗaya mai kyau a kan ɗaya daga cikin batutuwan nan, ku yi ta kwafi biyu, komai iri ɗaya ban da sakamakon. Ko kuma ku bar sakamakon yadda yake, ku canza sunan marubucin da jihar da ya fito. Ku aika wa malamai a jami'o'in Arewa da na Kudu su ba ta maki, ku ɓoye sunan duk wanda ya amsa. Ba ya buƙatar ɗakin gwaji ko kuɗi mai yawa, kuma duk wanda ya ɗauka a cikinku, ofishina a buɗe yake mu zauna mu tsara shi tare.

Shugaban taro, ranka ya daɗe, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.